Ɗiyar Fari a Bakin Shingen Sukut

Ranar wata Alhamis ce cikin hutun damina na lakwal, wato makarantar boko, shekarar da aka yaye autanmu. An yi ruwa da asuba ya ɗauke da hantsi, hatsi ya kai gwiwa, ƙasa tana wannan ƙanshi da ke sa mutum ya ji kamar ya ɗiba ya kai baki. Ina tsaye a bakin hanya da igiyar awakin Kaka a hannu sai na ji waƙa tana tahowa daga wajen Filinge, tun kafin in ga masu yin ta. Can sai ga su, layi biyu, ƴan mata a gaba maza a baya, kowa da riga ruwan ƙasa da ƙyalle a wuya, suna taka rairayi mai laima tare kamar ƙafar mutum guda. A tsakiyar layin ga Dije, ƙanwata, wadda jiya-jiya ni na tsefe mata kai tana kuka, wadda in ta ga kwaɗo sai ta haye turmi. Ta naɗe sabuwar tabarmar Inna a kafaɗa, ta rataya kwanon nan mai murfi da ba a fito da shi sai an yi baƙo. Da ta zo daidai da ni ba ta ce “Yaya” ba, ba ta ko yi murmushi ba, sai ta ɗaga yatsu uku ta kai goshi yadda aka koya musu, ta wuce. Na bi ƙeyarta da kallo har suka shige gidan sukut, sansanin da ake kai yara horo lokacin hutu, awaki suna jan igiya.

Sunana Zeinabu, kuma ni ce ɗiyar fari a ɗakinmu. A wurinmu nan Kurfey uwa ba ta kiran sunan ɗanta na fari, ba ta wasa da shi gaban mutane, ba ta yabonsa, ba ta sa baki cikin maganarsa. Kunya ce, kuma da ita ake auna tarbiyyar mace. Ana yaye ni aka miƙa ni ɗakin Kaka, uwar Baba, cikin gida ɗaya, tsakaninmu da ɗakin Inna bai wuce wurin shanya tsaba ba. Kaka ta so ni irin son da ke hana yaro abubuwa. Shekarar da mutanen maigari suka zagayo ɗibar yara lakwal, ɗaga ni ta yi ta saka cikin rumbu, ta mayar da hularsa, ta zauna a gindi tana kaɗi hankalinta kwance. Ina jin ta tana ce musu, “Ɗiyata ta tahi Baleyara wurin gwaggonta.” Na yini cikin damman hatsi ina danne atishawa da zane. Da suka sake zagayowa ba a ɓoye Dije ba, aka ce gida ba ya rasa ba da ɗaya. A lokacin ni aka yi wa gata, Dije aka yi wa kuka, har maƙwabta suna shigowa yi wa Inna jaje.

Gidan sukut ɗin a kan saurar kakanmu aka yi shi, gonar da ta gaji tun kafin ya rasu. Maigari ya zo ya roƙi Kaka, ta ce su ɗauka, ƙasar da ko guna ba ta yi. Shekarar farko babu komai a wurin sai wani tsohon gawo da dogon icen da suka kafa na tuta, da tantunan da aka kawo cikin kamiyo, babbar motar kaya, daga Yamai. Hadari ya taso wata la'asar ya ɗauke tanti guda ya kai shi gonar maƙwabcinmu, gari ya yi sati yana dariya. Shekara ta zagayo suka yi rumfunan zana. Da rani manyan samarinsu suka zo suka kwaɓa laka a bakin tabki, suka buga tubali, suka gina madafa da ɗakin ajiya, suka kira masu haƙa na garinmu aka yi rijiya. Fulani masu hawa arewa da shanu a farkon damina sukan tsaya su shayar a nan, ba mai hana su. Aka kewaye wurin da aguwa, aka jera dogon yaro, kowane yaro da icensa da zai ba ruwa. Daga baya aka yi dogon ɗakin nan mai rufin kwano, inda manya daga Baleyara da Abala har da Yamai suke zuwa a koya musu yadda ake riƙe yara a daji. Namiji in ya gama a ce masa Shef, mace a ce mata Sheftan. Da farko tsofaffinmu cewa suke aikin soja ne ake koya wa ƴaƴan mutane a ɓoye, sai ranar da wani dattijo ya faɗo daga amalanke, yaran suka zura sanduna biyu cikin rigunansu suka yi gado, suka ɗauke shi har likita. Daga nan bakin tsofaffi ya yi sanyi.

Awakin Kaka sun fi son ciyawar bakin shingen nan, ko kuwa in ce ni na fi so su so ta. Akwai inda aguwar ba ta kama ba, nan nake tsugunawa. Allah bai ba ni lakwal ba amma ya ba ni kunne, abin da na ji sau biyu ya zauna. Na san usur na taruwa, na san na cin abinci, na san wanda ake busawa in wani ya yi laifi. Waƙoƙinsu na Faransanci duk na haddace su ban san ma'anar ko kalma ɗaya ba, in ina daka sai in ji taɓarya tana bin su. Ina kallo suna ɗaure itace da igiya su yi tebur ba ƙusa ko ɗaya, su yi wurin kife kwanoni, su miƙa igiyoyi a kan kwazazzabo su riƙa tsallakawa suna ihu. Wannan duk ya burge ni. Abin da ke ƙona mini rai shi ne in ga an tara su ana koya musu hura wuta da ɗanyen ice, wadda ta hura a tafa mata. Ko a ba su turmi su yi surfe suna waƙa suna dariya, rabin tsabar a ƙasa, a ce sun yi ƙoƙari. Ni da nake surfe tun ban kai tsawon taɓarya ba, nake hura wutar Kaka kullum da karan da ruwa ya daka, nake ɗebo ruwa har wuyana ya yi kanta, ba wanda ya taɓa tafa mini. Aikina ne suka ɗauka suka sa masa riga da usur ya zama abin yabo.

Amma ba a bakin shinge abin ya fi ci na ba, a cikin gida ne. Tun ana saura kwanaki su tafi, gidanmu ya zama gidan Dije. Inna ta wanke rigar, ta aro dutsen guga a gidan malamin lakwal, ta goge ƙyallen wuyan nan da suke kira fular har sau nawa ban sani ba. Ta daka mata gumba, ta soya mata gyaɗa, ta ƙulle mata kanwa da jan barkono ko ciki zai murɗa. Daga safe zuwa magariba ba abin da kake ji sai “Dije, zo ki gwada. Dije, ina takalminki? Dije, kar ki sha ruwan tabki.” Sunan yana fita daga bakinta kamar man shanu. Ni kuwa in za ta ba ni tuwo sai ta dubi bango ta ce, “Ke, ce ma waccan ta zo ta ɗauki nata.” Ba zan yi mata ƙarya ba, sau da yawa in na tona tuwon nan nakan tarar da tsokar nama a binne ƙarƙashin miya, wadda ta fi ta kowa. Na san hannun wa ya binne ta. Sai dai naman da ke ƙarƙashin miya ba mai ganinsa, ni kuwa a shekarun nan abin da ake gani nake so.

Shekarar da Dije ta shiga ce aka turo wata Sheftan, matashiya doguwa mai tabarau. Ɗiyar wani ɗan kasuwarmu ce amma a Lome aka haife ta, can ta girma, Hausarta kamar an ɗinka ta da zare iri biyu. Wata safiya ina kora awaki ina rera waƙar da suke yi in za a ɗaga tuta, ina yin bayarwa ina yin amshi ni kaɗai, sai na ji an ce, “Ke mai awaki!” Na waiga na gan ta ta leƙo ta inda aguwar ba ta kama ba. Ta yafito ni na matsa. Ta sa na sake waƙar daga farko, ta sa na yi wata, tana dariya tana kaɗa kai. Ta tambaye ni ajin da nake, na ce ba ni lakwal. Ta ce sukut ba na ƴan lakwal kaɗai ba ne, kuma ga shi wata yarinya zazzaɓi ya mayar da ita gida, wurin tabarmarta yana nan ba kowa. In iyayena sun yarda in shigo gobe, in zauna har ranar rufewa, a ɗaura mini fular tare da sauran. “Amma sai na ji daga bakin mamanki,” in ji ta. Na ce Kaka ce uwata, kuma ta tafi Baleyara zaman jegon gwaggona, Baba kuwa ya daɗe a Kurmi neman kuɗi bai zo noma ba. Ta ce wadda ta haife ni fa? Na ce ita ce uwar Dije. Ta tafa hannu ta ce ashe abin mai sauƙi ne, za ta zo da la'asar.

Na san al'adarmu sarai, kuma da na buɗe baki na ce ta aika wata dattijuwa ta bi ta bayan ɗaki, da an gama. Ban ce ba. Yaro ba ya koya wa babba hanya, wannan ɗaya ke nan. Na biyu kuwa, can ƙasan raina ina so a tambayi Inna a fili. Na ce yau dai ga baƙuwa mai tabarau daga birni za ta tsaya gabanta, ba inda za ta kauce, dole ta dube ni ta ce “na yarda.” Kalma biyu nake nema, su buɗe mini ƙofar gidan sukut, su kuma nuna wa duk gidan ni ta wace ce. Na koro awaki da wuri na ɗaure, na share tsakar gida har inda ba rabona ba, na goge kaushin ƙafata da dutse har ta yi ja, na ɗaura zanen Salla. Matar Baffa, wan Baba, ta dube ni ta ce, “Yau kuma wa ya mutu ya bar miki gado?”

Sheftan ta zo a lokacin da ya fi kowane muni. Matan gida duk suna waje a bakin turame, Baffa, wan Baba, yana ƙarƙashin rumfa yana tufka igiya, ga maƙwabta biyu sun shigo aron rariya sun tsaya hira. Ta yi sallama, aka ba ta kujera da ruwa, ta kurɓa, ba ta jira an gama gaisuwa ba ta juya wurin Inna da fara'arta, da murya kamar tana gaban ƴan sukut ta ce, “Mama, ɗiyarki Zeinabu tana da kunne, tana da murya. Ki ba ni ita.” Taɓare suka tsaya a sama. Ɗaya maƙwabciyar ta rufe baki da gefen zane. Inna tana bakace, ba ta ɗaga kai daga faifai ba, sai dai hannun ya rage sauri. Sheftan ta zaci ba ta ji ba. Ta kamo kafaɗata ta tsayar da ni gaban Inna, kusa har ina jin ƙanshin hayaƙi a zanenta, ta ce, “Wannan. Ba ke kika haife ta ba?” Ina kallon yatsun ƙafar Inna sun dunƙule cikin rairayi. Ta ajiye faifai a hankali, ta ja mayafi ta rufe fuska, ta tashi ta shige ɗaki ta saki asabari. Baffa ya yi gyaran murya, bai bar tufkarsa ba ya ce, “Uwar yarinya ta yi tahiya. Abin da ke hannun tsohuwa ba mu da ikon ba da shi.” Sheftan ta dube ni da tausayi irin wanda ake yi wa yaron da ba a so, ta shafa kaina ta ce in yi haƙuri, ba za ta shiga tsakanina da mamana ba. Ta fita tana ganin an ƙi.

Ko ƙurar takalminta ba ta kwanta ba mata suka ɗauki yabo. “Kai, wance akwai kunya!” “Ɗiyar mutane ke nan, ba irin na yanzu ba.” Aka yi ta maimaita maganar baƙuwar ana kwaikwayon Hausarta ana dariya har da riƙe ciki. Ni ina tsaye inda aka tsayar da ni, da zanen Salla da jajayen ƙafafu. Kunnena ya tsallake su duka ya shige bayan asabari. Ba kuka na ji ba, ƙarar kwanoni na ji, Inna tana sauke jerenta tana sake jerawa, jeren da tun safe yake daidai. Ta daɗe tana yi. Washegari aka ba ɗiyar wani mai shago a Filinge wurin tabarmar. Na kora awaki can gabas, wajen duwatsu, inda ba na ganin ko kan tuta, amma iska ba ta san fushi ba, ta riƙa kawo mini waƙar guntu-guntu, bakina kuma yana cike gurbin ba da sona ba.

Ranar rufewa ana kiran iyaye. Inna ta yi dambu da kopto, kwaɗon ganye, cikin babban akushi, kuma ba mai ɗauka sai ni. Ran nan na fara taka cikin gidan sukut. Abin da na sani ta kafar shinge ashe rabi ne. An share ko'ina an jera fararen duwatsu a gefen hanyoyi, kowane rukuni da rumfarsa da ƴar tutarsa. Na ga bukkar ƴan mata, tabarmi a naɗe a jere kamar an auna, na gane ta Inna, na kuma ga wadda ke kusa da ita, inda da ni ce. Na leƙa dogon ɗakin kwano na ga allo da benci, da igiyoyi a rataye a bango kowace da irin ƙullinta, da akwatin magani mai jan zane a murfi. Bayan madafa akwai ƴan itatuwa cikin leda ana rainonsu a inuwa, ga filin da suke hura babbar wuta, toka ta yi da'ira, kututture kewaye da ita. Na ajiye akushi na tsaya da gammo a hannu. Aka busa usur, ƙafata ta motsa za ta shiga layi, na tsayar da ita. Aka ce kowace uwa ta fito ta ɗaura wa ɗiyarta sabon fular na gama horo. Inna ta fita cikin mutane ba ko ɗar, ta ce, “Dije, tsaya daidai mana,” ta ɗaura, ta gyara wuyan rigar, ta lashi yatsa ta goge mata wani abu a kumatu. Aka yi tafi. Sheftan ta hango ni ta ɗaga mini hannu, na yi kamar ina korar ƙuda.

A hanyar gida Dije tana gaba tana ta zuba, ta ce ta tsallake igiya ba ta faɗi ba, ta ce ta kwana kwaɗo yana tsalle kusa da kanta ba ta yi ihu ba. Inna tana tsakiya, ni ina baya da akushi ba komai a ciki. Mun kusa gari Inna ta rage tafiya, ta dubi gonar wake da ke gefen hanya ta ce, “Dije, abin da kunka koyo duka, ki koya ma yayarki. Kar ki rage komi.” Dije ta juyo da murnarta za ta kwance fular ta gwada mini. Na ce ta bar abinta, na iya. Ta ce ƙullin fa? Na ce na iya. Ta ce waƙar ban kwana ai ba a yi ta sai jiya, na buɗe baki na rera mata ita tun daga kai har wutsiya, da ƙarfi, da gayya, har masu noma suka ɗago. Inna ba ta juyo ba. Na ga dai ta sauya wa mayafinta zama, ta ƙara sauri.

Da Kaka ta dawo aka ba ta labari, sai da ta gama shan furarta ta ce, “Wagga baƙuwa ba ta san gida da ƙohwa ake shiga ba? Da ni ta iske, ai gonar mijina ce, in ɗiyata ba ta kwana ciki ba ɗiyar wa za ta kwana?” Ta ce baɗi da kanta za ta kai ni. Da shekara ta zagayo aka turo wani Shef daban, mai tsare doka, ya ce yara sun yi yawa, ƴan lakwal ma ba su samu wuri ba. Kaka ta yi masa faɗa a bakin ƙofa har ta ce ya tattara tubalinsa ya ba ta saurarta, ya yi ta ba ta haƙuri yana dariya, muka dawo. Shekarar da ta biyo na riga na yi tsawo, na fara jin kunyar tsugunawa a bakin shinge. Dije kuwa ta bi hanyar nan ba ta waiwaya ba. Ta koma dogon ɗakin kwano ta zama Sheftan ita ma, daga akwatin maganin nan ta kama son aikin jinya, ta yi shekaru tana aiki a Abala lokacin da baƙin Mali suka cika wurin. Ina son ta, ita ce ke saya mini maganin ƙafa, ƴaƴanta a ɗakina suke hutu. Amma har yau in ta fara “lokacin da muke sansani,” sai in tuna ina da tukunya a wuta.

Gidan sukut yana nan. An cire aguwa an ja katanga, an rufe rijiyar an kafa famfo da shato, tankin ruwa na sama, an sa sola a kan rufi, dogon yaron da yara suka shuka sun haɗe kai sun yi duhu. An ƙara ɗakunan kwana da gadaje na ƙarfe, sai dai tun da hanyoyin arewa suka lalace ba a cika barin yara su kwana ba, da safe ake kawo su a kwashe su kafin magariba, babbar wutar ma da rana ake hura ta. Sauran kwanaki matan gari ake tarawa a dogon ɗakin ana koya mana haɗa sabulu da kunun yara. Na zauna a bencin nan ba sau ɗaya ba, ba wanda ya tambaye ni izinin kowa. Da tawa ɗiyar farin ta isa, ni na kai ta da ƙafata. Ta mance butarta a hannuna ta ruga cikin ƙawaye, na tsaya a bakin ƙofa cikin mata, harshena ya yi nauyi kamar an ɗaura masa dutse, sannan na ƙwala, “Mariyama!” Wata tsohuwa ta ce, “Zeinabu, ke kam an yi ruwa an ɗauke miki kunya.” Na ce Allah ya ƙara. Yarinyar ta zo ta fizgi buta ta koma, ko a jikinta. Matan yanzu suna rungume ɗan fari su ɗauki hoto a waya, ba wanda ke rufe baki da zane.

Inna ta yi jinyarta ta ƙarshe a ɗakin Dije a Filinge, don can ne kusa da likita. Nakan je in wanke ta, in dama mata kunu, ta karɓa tana kallon bango. Bayan ta rasu an yi bakwai Dije ta ce mini duk ranar da ban zo ba, Inna ba ta barin kowa ya huta, daga an taɓa ƙofa sai ta ce, “Waccan ce?” Ta ce ta fi tambayata a kan kowa, har ita Dijen takan ji haushi. Na yi dariya na ce to, ke ma ki ɗanɗana. Na san ba ƙi ba ne, tun ranar kwanonin na sani. Amma Dije tana da muryar Inna tana kiran sunanta, ta safe da ta rana da ta faɗa, ta ajiye ta ɗauko duk lokacin da ta so, ni kuwa da duk kunnen nan nawa ban san yadda Zeinabu take fita daga bakinta ba. Sani bai taɓa cike mini wannan ba.